Inda Lutaaya Yake

Kafintan farko da na kira ya rataye mana aikin, yana leƙa ɗakin ya ga abin da ke shimfiɗe a ƙasa, sai ya tuna wai yana da ciwon baya. Na biyun bai ma wahalar da kansa da ƙarya ba. Ya yi alamar gicciye, ya ce, "Nnyabo, uwargida, ni aikin katako na koya, ban koyi aikin gawa ba." Ya saɓa tsaninsa ya hau boda, babur ɗin haya, ya ƙara gaba. Haka mutanenmu Baganda suke da lubugo. Kakanninmu da shi suka yi sutura, a kansa suka kwana, amma yau in Muganda ya ga ɓawon itacen mutuba da aka buge ya zama mayafi, ba abin da yake hangowa sai kabari. Dole ni da Najjemba muka ari tsani muka hau da kanmu, ni da gwiwoyin nan nawa masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Sunana Nakirijja, ni ce mai Sito. Tsohon siton kofi ne na marigayi mijina a Kamwokya, dogo, mai rufin kwano da taga guda babba ta yamma. Da ya rasu na share shi, na shafa masa farar ƙasa, na buɗe shi ga masu zane waɗanda manyan wurare ba sa ko amsa musu gaisuwa. Na ga abubuwa a ɗakin nan. Na ga mai ɗinke murafen kwalba, na ga wanda ya rataye tsofaffin silifa ya kuma tsaya yana yi mana bayanin da ya fi wa'azin Fada tsawo. Wasu ayyukan suna da kyau ƙwarai, wasu kuma Allah dai ya ba mai su haƙuri. Ba kasafai tsigar jikina take tashi ba, kuma ba na yi wa kowa kara a kan haka.

Najjemba 'yar yayana Ssonko ce, wato ni ce ssengarta, ƙanwar uba, kuma ssenga ba a rufe mata baki. Tana da wa guda, Lutaaya, masunci a garin Lambu na bakin tafki. Shekarun baya ya fita tafki, hadari ya taso, washegari aka tsinci kwale-kwalensa a kife, shi kuwa babu shi. Kafin rana ta yi tsaka maƙwabta sun fara shigowa gidan yayana da lubugo a kafaɗa, kowane gida da nasa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya mutu yana da mutane. Aka hura wutar makoki a tsakar gida. Ssonko, wanda bugun lubugo ne sana'arsa tun yana saurayi, ya je ya ɓare itacen da ya fi ji da shi, ya shiga rumfarsa, ya yi ta bugu har hannunsa ya fashe. Ban taɓa ganin lubugo mai ja da laushi irin wannan ba.

Tafki bai ba da gawa ba. Da aka gaji da jira, dattawa suka ce a yi yadda aka saba, a sari kututturen ayaba, a naɗe shi da lubugon, a binne a madadinsa. Nan uwarsa Nabatanzi ta miƙe ta ɗauki bokitin ruwa ta sheƙa wa wutar makokin.

"Ni ban haifi ayaba ba," in ji ta. "Ku nuna mini inda yake, in binne shi."

Shi ke nan fa. Fada ya yi magana, dangi sun yi, ni ma na yi har na yi mai zafi. Tun da ba a yi binniya ba, ba a rufe makoki ba, ba a naɗa magaji ba. Matar Lutaaya ta koma gidansu, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Yayana ya mutu yana jira, kuma ko shi Nabatanzi ba ta yarda a naɗe shi da jan lubugon nan ba. Ta ɗaure lubugon nan duka da igiya, ƙunshi-ƙunshi, ta sa aka rataye a azarar ɗakinta, tana kwana a ƙarƙashinsu.

Bara rufin gidan ya fara yoyo, za a sake kwano, sai ta aiko mini da ƙunshin a motar ayaba, wai in ajiye mata inda ruwa ba ya taɓawa. Najjemba a lokacin tana zaune wurina, ta gama makarantar zane tana neman abin yi da hannunta. Ita ta ji warin funfuna ta ce mu kwance mu shanya. Muna cikin shanyar ta ɗaga ɗaya wanda asu ya ɗan ci, ta saita shi da tagar yamma, ta tsaya. Na yi mata magana ba ta ji ba. Da ta sauke hannu sai ta ce, "Ssenga, ki ba ni ɗakin nan."

"In ba ki ki yi me? Kayan uwarki ne fa. Kin san ta, in ta tsine miki ko Paparoma bai isa ya wanke ki ba."

"Ita ta ce a nuna mata."

Ban gane ba a lokacin. Na dai ga idonta, na ba ta makulli.

Watanni ta yi tana aikin. Ta je ƙauye ta ɗauko gudumar katakon ubanta mai tsagi-tsagi, ta riƙa jiƙa lubugon tana ƙara bugun wasu wurare har su yi sirara kamar ɓawon albasa, wasu wuraren kuma ta bar su da kaurinsu. Ta je Lambu ta roƙo tsohon tarun Lutaaya a wurin abokin sana'arsa, ta warware shuɗin zaren. Daga nan sai huda da ɗinki, huda da ɗinki, tun safe har ido ya daina gani. Maƙwabtana suka fara raɗe-raɗin wai tsohuwar nan ta buɗe ɗakin bori. Nalweyiso mai soya capati a bakin ƙofata, wadda ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba, ta tare ni ta ce, "Maama Sito, in boka kika zama ki faɗa mana, ina da kishiyar da nake so a duba mini." Na ce mata ta fara gyara capatinta mai taurin fatar ganga.

Ana saura kwanaki a buɗe nunin, wata yarinyar ƙauyensu ta ga sanarwar a waya ta nuna wa Nabatanzi. Sai ga kiran Nabatanzi. Ko gaisuwa babu.

"Nakirijja, ina nan zuwa ranar Asabar in kwashi kayana. Ki gaya wa waccan, in na tarar allura ta taɓa su, na tashi daga mai 'ya'ya biyu na koma wadda ba ta da ko ɗaya."

Na san matar yayana tun tana amarya, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Kuma allura ta taɓa su duka in ban da guda. Na ce wa Najjemba ko mu ɗage bukin, mu sauke komai, mu je mu durƙusa. Ta ce a'a. Amma daga ranar ba ta ƙara cin abincin kirki ba.

Asabar da la'asar mutane suka cika tsakar gidan. Na soya fara, don lokacinta ne, na gasa ayabar gonja, ga shayi, ga ruwan inabi na masu son a gan su da tambulan a hannu. Mutanen zane ba a raba su da surutu. Kullum in an buɗe nuni a Sito, sukan juya wa bango baya su yi ta gardama a kan wanda aka gayyata ƙasar waje da wanda aka manta. Ranar kuwa sai na ga wani abu. Mutum zai shiga yana dariya, ya jima, ya fito ya nemi gefe ya tsaya shiru. Wani malamin jami'a da ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba ya fito da hularsa a hannu. Tiren fara yana nan a cike, ba wanda ya kai hannu. Duk wanda ya san Baganda da fara ya san abin da nake nufi.

Ina tsaye a bakin ƙofa boda ya tsaya. Nabatanzi ta sauko cikin baƙin gomesinta, doguwar rigar zuwa coci, ƙurar hanyar Masaka har gira, da naɗin sabuwar igiya a hannu. Najjemba ta ruga ta zube gwiwa biyu a gabanta a kan tsakuwa, ta fara gaisuwa. Uwar ta bi ta gefenta kamar an ajiye turmi a hanya.

"Matarmu, sannu da hanya," na ce. "Haka ake shigowa gidan miji, ba sallama? Zauna ki sha shayi mana."

"Riƙe shayinki, Nakirijja. Ke da tsufanki da furfurarki, na ba ki ajiya kin kira 'yan birni su sha giya a kai. Ina suke?"

Na nuna mata ƙofa. Ta shiga, na bi ta, Najjemba tana bayanmu nesa kaɗan.

Daga bakin ƙofa ba ka ganin komai sai duhu-duhu da ƙamshin itace da hayaƙi. Najjemba ta rataye masu kaurin a gaba, tun daga rufi har ƙasa, hagu da dama, ta bar siririyar hanya mai lanƙwasa a tsakani. In ka wuce sukan motsa su shafi kafaɗarka. Hayaniyar titi takan ɗauke, ko ƙarar boda ba ka ji. Nabatanzi ta kai hannu kan na farko.

"Na gidan Kaggwa ne wannan," ta ce, ba da ni take ba. Ta taɓa na gaba. "Wannan tsohuwa Nabbosa ce ta kawo, na binne kanta ne ta ba mu." Sai yatsanta ya faɗa kan layin huda, ta bi shi, ta ji zaren. Ta juyo. Ko a duhun nan na ga yadda fuskarta ta koma.

"Kin huda."

"Na huda, Maama."

"Duka?"

"Ban da jan nan na Taata."

"Yana ina?"

"Yana can ƙarshe. Ba wata hanya sai nan."

Nabatanzi ta ja dogon tsaki. "To, shi zan ɗauka in tafi. Sauran ki ci da su, ke da ssengarki. Kada ki ƙara kirana Maama."

Ta kutsa gaba da sauri, tana ture lubugon da gwiwar hannu. Amma hanyar ba ta saurin ba ce. Kana tafiya, waɗanda ke gefe suna raguwa, wasu kuma suna saukowa ta sama, an shimfiɗa su a kwance bisa zare, wani a kan wani, kowanne ya fi na bayansa ƙasa. Da farko ka sunkuyar da kai, can ka ranƙwafa, daga nan sai ka ga ba yadda za ka yi sai ka zauna. Na ji tana mita, tana cewa wane irin wulaƙanci ne a sa babba rarrafe. Ta dai kai tsakiya, inda aka shimfiɗa tabarma, ta zauna ta naɗe ƙafafu gefe guda don ta huta. Ni ma na zube kusa da ita ina haki.

Lokacin nan rana ta sauko daidai tagar yamma.

Ni na taya rataye abin nan, na san kowace igiya da kowace ƙusa. Amma duk kwanakin da muka yi muna aiki hadari ne a gari, da fitila muka yi, ban taɓa zama a ƙarƙashinsa da rana ba. Hasken ya shigo ta saman lubugon ya ratso su ɗaya bayan ɗaya. Inda ta buge ya yi sirara sai ya kama ja kamar garwashi, inda ta bar kauri ya zauna baƙi-baƙi, kuma ta dubban hudojin nan haske ya zubo zare-zare har kan tabarma, kan hannuwanmu, kan baƙin gomesin Nabatanzi. Iska kaɗan ta shigo, lubugon sama suka yi lilo a hankali, sai duk hasken ya fara kaɗawa. Ƙasa tana motsi, bango yana motsi. Shuɗin zaren tarun nan, da na ɗauka ado ne kawai, ya fito fili yana walƙiya, layi-layi, yana tafiya yana dawowa. Na yi wanka a tafki ina yarinya, na san yadda sama take in ka nutse ka buɗe ido. Ita ce wannan, ba ragi. Na ji numfashina ya tsaya, na kama kaina ina riƙe shi kamar mai gudun shaƙar ruwa. Tsoro ya kama ni, da wani daɗi da ban san sunansa ba, na rasa wanne ya fi.

Can sama, a kan na ƙarshen su, akwai wata doguwar inuwa mai tsini gaba da baya. Najjemba ta ninka lubugo ta ɗinke shi da siffar kwale-kwale yadda wanda ke ƙarƙashin ruwa zai hango shi. A gefen inuwar, kusa da baya, wani abu ɗan tafin hannu yana ci kamar fitila, rawaya shar.

Nabatanzi ta daina mita tun ɗazu. Kanta yana sama, bakinta a ɗan buɗe, igiyar nan ta zame daga hannunta. Ta ɗaga yatsa.

"Mene ne wancan mai rawaya?"

Muryar Najjemba ta zo daga bayanmu, ƙasa-ƙasa. "Facin jirginsa ne. Na ɓamɓaro shi a Lambu."

"Jarkata ce," in ji Nabatanzi. "Nakirijja, jarkata ce! Sabuwa fil, ban ko ɗebi ruwa da ita sau uku ba, ɗan banzan nan ya yanke ta ya toshe jirgi. Na bi shi da muciya har bakin hanya." Ta yi wata 'yar dariya. "Ɓarawon jarka. Kai Lutaaya, ɓarawon jarka!"

Hasken yana ta yawo a fuskarta. Ta juya tafin hannunta sama, ɗigon haske suka zauna a ciki, ta daɗe tana kallonsu.

"Ashe akwai haske," ta ce. "Ni duk shekarun nan a cikin duhu nake ganinsa. In na rufe ido, duhu da sanyi, yana lalube yana nemana. Ta yaya zan tura masa ƙasa a kai, yana can yana lalube?" Ta sake ɗaga kai. "Ashe yana ganin jirginsa. Ashe nan yake."

Daga nan ta saki kukan. Ba kukan hawaye na 'yan birni ba, kururuwar makoki irin ta ƙauye, wadda ake kiran mamaci da sunansa da na kakanninsa, ana tambayarsa wa ya bar wa gida. Ranar da aka tsinci jirgin ba ta yi ba. Ranar da aka binne mijinta ma ba ta yi irin wannan ba. Na rungume ta, nawa ya zubo, ban hana shi ba. Najjemba ba ta matso ba, tana durƙushe inda take, ta toshe baki da hannu.

Da na ga kukan ba mai ƙarewa da wuri ba ne, na tuna ina da baƙi, na rarrafo na fito in ba su haƙuri. Abin da na tarar ya sa na dafa bango. Mutanen nan masu gilashin ido da ilimin ƙasar waje, da suka ji kururuwar mace tana fitowa daga tsakiyar lubugo, ba wanda ya tsaya tambaya. Sun ajiye tambulan. Matan sun sauka daga kujeru sun zauna a ƙasa jikin bango, sun naɗe ƙafafu. Mazan sun koma gefe guda, kai a sunkuye. Wata Baturiya da ta saba zuwa tana ta waige-waige, da ta ga kowa ya zauna ita ma ta zauna. Ƙofar gida kuwa a buɗe, maƙwabta suna ta shigowa, mata suna ɗaura ɗankwali a ƙugu suna tafe. Nalweyiso ta bar capatinta a kan wuta ta shigo da hannu biyu a ka, tana ganina ta yi turus.

"Maama Sito! Ashe ba ke ba ce! To wa ya mutu?"

"Ke dai bakinki ya mutu. Nuni muke yi."

"Wane irin nuni da kururuwa? Ni na riga na aika a gaya wa shugaban unguwa."

Ban gama da ita ba na ji ƙamshin hayaƙi. Tsoho Ssebuliba na gidan da ke kallon nawa, wanda ba a taɓa yin mutuwa a layinmu ba shi ya hura wuta ba, ya jawo guntun katakan da muka rage, ya tara a tsakiyar tsakar gidana, har ta kama. Yana tsaye a kanta da sandarsa, yana gyara itace da natsuwar wanda ya san aikinsa.

Raina ya ɓaci. Na nufe shi zan ce ya kashe mini wannan abu tun kafin ya jawo mini abin da ba na nema, sai na ga idon mutane ya koma bayana. Nabatanzi ce ta fito ta ƙaramar ƙofar ƙarshen ɗakin. Jan lubugon yayana yana saɓe a kafaɗarta, ya sauko har yana jan ƙasa. Ita ta kwance shi da kanta daga igiyar da Najjemba ta rataye shi shi kaɗai, ba huda, ba ɗinki, yadda Ssonko ya bar shi. A hasken yamma ja ɗinsa ya fi yadda na tuna.

Ta tsaya tana kallon wutar. Ni kuwa idona yana kan bokitin wanke tambulan nan kusa da ƙafarta, cike da ruwa.

"Wa ya hura wannan?"

Ssebuliba ya cire hula. "Ni ne, nnyabo. Na ji kuka ne. In kuskure na yi, a yafe mini, yanzu sai in kashe."

"Wa ya ce ka kashe? Ƙara mata itace, ssebo. Ɗana ne ya rasu. Sunansa Lutaaya, masunci ne a Lambu."

Tsakar gidan ta amsa da irin gunjin nan na ta'aziyya, kowa yana faɗin nasa. Nalweyiso ta fashe da kuka kamar ta san shi. Na tsaya ina kallon matar yayana, don wannan ne karo na farko da kalmar ta fito daga bakinta.

Ta juyo gare ni. Idonta ya kumbura, amma muryar ta dawo daidai, irin ta ba da umarni.

"Nakirijja, waɗancan na ciki a bar su inda suke. Kada a sauke ko ɗaya. Duk mai son ganinsa ya zo da la'asar. Wannan kuwa da shi zan tafi. Ki aika wa matarsa, ki aika wa dangi. Ke ce ssenga, ke za ki riƙe adda."

"Addar me, matarmu?"

"Ta saran ayaba mana, ko tsufa ya fara taɓa miki kai?"

Bakina ne ya riga ni, kamar kullum. "Ke da kika ce ba ki haifi ayaba ba?"

"Ba kowace ba. Ta bayan madafa, inda muka binne mabiyiyarsa ranar da na haife shi. Ni da ke muka tona ramin, kina ta tsegumin ƙasar ta yi tauri. Gindin yana nan, bai taɓa daina fitar da 'ya'ya ba. Wannan ai tare suka zo duniya."

Na tuna. Na tuna har da ruwan da aka yi a ranar.

Duk wannan abin Najjemba tana bakin ƙaramar ƙofar, ta rakuɓe, ba ta san ko tana da izinin matsowa ba. Tun da uwar ta ce kada ta ƙara kiranta Maama, ba ta dube ta ba ko sau ɗaya. Nabatanzi ta sauke lubugon daga kafaɗa, ta kama baki ɗaya, ta yi ƙoƙarin ninke shi ita kaɗai. Ya fi ƙarfin hannu biyu, ɗaya bakin ya zube yana neman taɓa toka. Na yunƙura zan kama, ta harare ni na koma.

"Najjemba," ta ce, ba ta ko waiwaya ba. "Kin tsaya kina kallona kamar baƙuwa. Zo ki kama wa uwarki, kada kayan yayanki ya ƙone."